LAIMA TA MUTUM ƊAYA CE, INUWA TA KOWA DA KOWA

Ina neman aron 'yan shafuka a wannan mujalla tamu domin in yi faɗa a kan kalma ɗaya tak. Na san wani zai ce, "Haba Malam! Duk abubuwan da suka dami ɗalibai, ga tsadar abinci ga kuɗin makaranta, ka rasa abin da za ka yi wa kuka sai kalma?" To, mu dai nazarin Hausa aka turo mu mu yi, kalma kuwa ita ce gonarmu. Manomin da ya ga ƙuduji guda ya fito cikin dawarsa ya ce ai ƙwaya ɗaya ne, baɗi shi zai riƙa bin maƙwabta da ƙwarya.

Kalmar da nake nufi ita ce laima, ko kuwa lema kamar yadda take fita a bakin yawancinmu. Ita kanta kalmar ba ni da rigima da ita. Rigimata tana kan wani aikin tilas da aka sa ta a 'yan shekarun nan. Buɗe rediyo, ko ka duba jarida, ko Facebook, ko ma allon sanarwa na wannan sashe namu, za ka iske "manoma a ƙarƙashin laimar ƙungiya kaza," da "ɗalibai a ƙarƙashin laimar ƙungiya kaza," da "mata a ƙarƙashin laimar ƙungiya kaza." Kowa ya shige ƙarƙashin laima, sai ka ce ruwan Agusta ya tsare ƙasar baki ɗaya. Ni kuwa ina cewa wannan magana Turanci ce aka sa wa babbar riga, kuma abin da take faɗa wa kunnen Bahaushe kishiyar abin da mai maganar yake nufi ne.

Ba a aji na fara gane haka ba. A hutun da ya wuce na je gida, wani ƙauye a ƙasar Tudun Wadan Ɗankadai, inda noman shinkafa da masara ne abin yi. Wata rana da la'asar muna zaune gindin ceɗiyar ƙofar gida sai aka kawo wa Baffana wata takarda. Da yake ni ne ɗan boko, sai ya miƙo mini ya ce in karanta. Takardar tana kiran manoma ne su yi rajista su biya wani ɗan kuɗi, wai domin su shiga "ƙarƙashin laimar" wata ƙungiya da za ta samo musu taki a kan rahusa.

Baffa ya ce, "Dakata ɗan nan. Ƙarƙashin me?"

Na ce, "Laima, Baffa."

Ya ce, "Wace laimar? Ta ƙasa ko ta Sarki?"

Na yi dariya na ce ai salon magana ne, ana nufin duk za a haɗu wuri guda a taimaki juna. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, ni dai tun da nake ban taɓa ganin laimar da ta rufe mutum uku ba. Ka koma ka tambayo mini su, wa zai shiga ciki, wa kuma zai riƙe?"

Wallahi na rasa amsa. Shekara uku ina karatun Hausa a jami'a, ga tsohon da bai taɓa taka aji ba ya kayar da ni a ilimin ma'ana, ko gumi bai yi ba. Tun ran nan nake bin diddigin wannan kalma, ga kuma abin da na samo.

Da farko, in Bahaushe ya ce laima, abu uku yake iya nufi. Akwai laima ta danshi, wadda manomi yake tona ƙasa da yatsa ya duba kafin ya yi shuka, wadda kuma take kama ɗaki da damina har tabarma ta yi fumfuna. A wajenmu, daga Bebeji da Ƙiru har Doguwa da bakin dajin Falgore, inda ruwa ya fi sauka bisa ga arewacin Kano, wannan ma'ana ce take fara zuwa zuciyar manomi. Ita ce Baffa ya kira laimar ƙasa. Sa'an nan akwai laima ta tanti, wadda ake kafawa a zango. Ta uku ita ce wadda ake buɗewa a ɗaga bisa kai saboda rana ko ruwa.

Biyun nan na ƙarshe asalinsu ɗaya ne, watau kalmar Larabci alkhaima, mai ma'anar tanti. Harafin "l" da ke farkonta ragowar "al" ne na Larabci da ya manne wa kalmar, kamar yadda ya manne a littafi, da lokaci, da labari, da lafiya, da lahira, da liman, da Lahadi, da Laraba. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna tun 1947 cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa kashi biyu ne, waɗansu ta bakin masu magana tun da daɗewa, waɗansu kuma daga baya ta hanyar littattafan malamai. Abin sha'awa, wannan kalma sau biyu ta yi sallama a gidan Hausa. Ta shigo da "al" ɗinta ta zama laima, ta kuma sake shigowa ba shi ta zama haima ko hema, wadda alhazai suke kwana a ciki a Mina. Batun laima da lema kuwa ba abin faɗa ba ne. Ɗabi'ar bakinmu ce ta mai da "ai" ta koma "e" a tsakiyar kalma, kamar naira da nera, ko raini da reni. A rubuta laima, a furta yadda aka saba.

To, yanzu sai mu tambaya, a idon Bahaushe wa yake shiga laima? Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla ko hawan Daushe a Kano ya san amsa. Hakimai za su yi ta wucewa, kowa da dawakinsa da makaɗansa, mutane suna kallo suna hira. Amma da zarar an hango laima daga nesa tana juyawa, ga kakaki yana tashi, sai wuri ya ruɗe, kowa ya san Sarki ne tafe. Mutum nawa ne a ƙarƙashinta? Ɗaya. Mai riƙe da ita fa? Yana ƙasa yana tafiya da ƙafa, rana tana dukansa, hannuwansa a sama. Dubban da suka zo kallo kuma kowa da ranarsa. Wannan hawa ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, kuma hoton da yake zaune a zuciyar duk wanda ya tashi a ƙasar Kano ke nan.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai haka take ba. Ibnu Baɗuɗa, da ya isa Mali a 1352, ya ba da labarin laimar alharini da ake ɗaga wa Mansa Sulaimanu, da siffar tsuntsu na zinariya a ƙolinta. A Kumasi, inda kakanninmu fatake suka yi ta zuwa sayen goro, girman laima da adonta su suke nuna darajar basarake. Shi ya sa da sojan Ingila suka ci garin a 1874, cikin ganimar da suka kwasa har da laimar Sarkin Asante Kofi Karikari, suka kai wa Sarauniya Biktoriya. Ba domin ana ruwa a Ingila suka ɗauke ta ba. Sun sani sarai wanda ya ƙwace laimar sarki ya nuna wa duniya ya ƙwace mulkinsa. Ashe ke nan a wannan yanki namu laima alamar fifiko ce, tana ware mutum guda daga cikin jama'a ta ɗaukaka shi.

Talaka fa, da me yake kare kansa? Da malafa in rana ta yi zafi, da kabido na kaba in ruwa ya tsare makiyayi a daji, ko ya kifa buhu a ka ya ruga. In kuma hutawa yake so, ya nemi gindin itace.

Su Turawa tasu hanyar dabam ce. A wajensu abin ya daɗe da sauka daga hannun manya ya zama kayan kowa. A tsakiyar ƙarni na 18 wani mutum mai suna Jonas Hanway ya riƙa yawo da ita a titunan Landan ana yi masa ature da dariya, domin a lokacin ana ganin kayan mata ce. A 1852 Samuel Fox ya fito da mai haƙarƙarin ƙarfe mara nauyi, daga nan ta bazu hannun akawu da ɗan kasuwa da ɗan makaranta. Ƙasarsu ƙasar yayyafi ce, kowa da tasa a bakin ƙofa. Saboda haka da suka so su kwatanta babbar ƙungiya da ta tattaro ƙanana, ko babbar ƙasa da ta yi alkawarin kare ƙanana da makamanta, sai suka miƙa hannu suka ɗauki abin da yake kusa da su. Sun yi daidai a harshensu. Mu ne muka yi ragwanci, muka ga kalmarsu, muka buɗe ƙamus muka ga an ce laima, muka kwafe muka wuce.

Ga kuma abin dariya, ko in ce abin kuka. Kalmar Turancin, umbrella, daga Italiyanci suka aro ta, su kuma Italiyawa daga kalmar Latin umbra suka ƙera ta. Me umbra take nufi? Inuwa! Watau asalin ma'anar kalmar "'yar ƙaramar inuwa" ce. Ashe abin da Bature ya yi doguwar tafiya ya je Rum ya aro, mu muna da shi a ƙofar gida, muna zaune a cikinsa, amma muka tsallake shi muka je muka ɗauko kayan Sarki.

Dubi irin dukiyar da Hausa ta tara a kan inuwa. In mutum biyu ba sa shiri, mukan ce ba sa shan inuwa ɗaya. In babban mutum yana amfanar bare ya bar nasa, mukan ce inuwar giginya, na nesa ka sha. In taimako ya zo haɗe da cutarwa, mukan ce inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. In ana gardamar wa ya fi kusanci, mukan ce kowa ya sha inuwar gemu bai kai maƙogwaro ba. Har suna muke yi da ita, ga Sarkin Kano Muhammadu Inuwa da ya yi sarauta a 1963. Ni dai ban taɓa jin an raɗa wa yaro Laima ba. Ka lura, waɗannan karin magana ba yabo kaɗai suke yi ba, ma'auni ne. In aka ce wa Baffana ya shigo inuwar ƙungiya, nan take yana da abin da zai auna ta da shi, zai tambaya ta ceɗiya ce, ko ta giginya, ko ta bagaruwa. Kalmar ta zo masa da makamin bincike a hannu. In kuwa aka ce laima, an ba shi kalmar da kakanninsa ba su tanadar masa ma'auninta a wannan fage ba, sai dai in mai kaifin basira ne irinsa ya ƙera nasa.

Ba inuwa kaɗai muke da ita ba. Muna da rumfa, wadda ake yi wa kirari da sha shirgi. Muna da tuta, wadda tarihinta yake da nauyi a ƙasar nan tun da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba almajiransa tutoci a jihadin da ya soma a 1804. Muna da uwar ƙungiya, da gamayya, da haɗaɗɗiyar ƙungiya, da tarayya. Duk wanda yake da wannan rumbu a gida ya tafi aro, ba yunwa ce ta kore shi ba, ƙiwuya ce.

Na yi wannan gardama da abokaina a ɗakin kwana da gindin bishiyar sashe, kuma ba zan ɓoye hujjojinsu ba, domin waɗansu suna da ƙarfi.

Na farko ya ce, "Kai da kake faɗa da aro, ai laimar ma aro ce, ka faɗa da bakinka." Gaskiya ne, kuma ni ba na cikin masu son a kori baƙin kalmomi. In aka kore su, da me za mu ce littafi, ko mota, ko makaranta? Amma aro iri biyu ne. Akwai aron da jama'a suke yi domin sabon abu ya zo musu ba su da sunansa, su tauna kalmar shekara da shekaru har ta zama tasu. Akwai kuma aron da mutum guda yake yi a kan tebur, agogo yana korarsa, labarai saura minti goma, ya juya jimlar Turanci kalma bayan kalma. Na farkon yana ƙara wa harshe ƙiba. Na biyun shi ne kayan aron da ba ya rufe katara.

Na biyu ya ce, "Ai laima tana nufin tanti, tanti kuwa yana ɗaukar mutane da yawa." Wannan hujja ta burge ni, sai dai ba ta tsaya ba. Je ka tsayar da mutum goma a kasuwar Kwanar Ɗangora ka ce su kwatanta maka laima da hannu, ka ga ko akwai wanda zai kafa turaku. Shi kansa mai fassarar, sa'ad da yake rubutawa, ba tanti ne a ransa ba. Ba a kare kuskuren yau da ma'anar da mai kuskuren bai ma tuna da ita ba.

Na uku ya ce, "Zamani ya sake. Yanzu laima tana hannun kowa, ga mai sayar da katin waya, ga mai lemo da kankana, ga mata masu goyo. Kuma tun 1998 akwai jam'iyyar PDP da ta ɗauke ta alama, ta yi mulkin ƙasar nan daga 1999 zuwa 2015, har yaro ya san jam'iyya mai lema." Wannan ma haka ne, kuma a ganina wannan alama ta taimaka wajen sa kunnuwanmu su saba da maganar. Ba ruwana da alamar kowa. NPC ta yi fartanya, NEPU ta yi tauraro, PRP ta yi mabuɗi, NPN ta yi gida da masara, amma ba wanda ya ce daga ran nan sai mu riƙa cewa manoma suna "ƙarƙashin fartanyar" ƙungiyarsu. Batun laimar talaka kuma, ku gwada shiga ku uku a guda ɗaya ran da ake ruwa da iska. Na tsakiya ne zai tsira, na gefe kowa kafaɗarsa a jiƙe. Ko a hannun talaka ba ta bar halinta ba.

Na huɗu shi ne ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Mu 'yan kimiyyar harshe ne, aikinmu mu bayyana yadda mutane suke magana, ba mu yi musu doka ba. In jama'a sun karɓa, shi ke nan ta zama Hausa." Na yarda harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, na kuma yarda in aka ci gaba a haka wata rana za ta zama Hausa. Amma wace jama'a ce ta karɓa? Ban taɓa jin wannan magana a bakin mai sayar da hatsi, ko a gidan biki, ko a majalisar dattawa bayan magariba ba. Daga sama take saukowa, daga bakin 'yan boko masu makirufo. In mu muka ƙirƙiri abu, muka yi ta ɗura wa mutane safe da yamma, sa'an nan muka koma gefe muka ce mu masu bayyanawa ne kawai, mun yi wa kanmu ƙarya. Waɗanda suka zauna a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Hausa, da waɗanda suka yi shekaru suna tattara Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero har ya fito a 2006, ba naɗe hannu suka yi suna kallo ba. Bugu da ƙari, yau na'urorin fassara na cikin wayoyinmu daga abin da muka rubuta suke koyon Hausa. Duk gurguwar jimlar da muka saki a intanet, gobe za ta dawo mana sau dubu, ƙannenmu su ɗauka ita ce daidai.

Sauran labarin Baffa kuwa, bai biya kuɗin ba. Waɗansu maƙwabtanmu sun biya. Taki ya zo, an gan shi da ido a kan mota, amma kafin a sauke ya san gidajen da zai shiga, waɗanda suka yi rajista kuwa aka ce su dakaci zagaye na biyu. Har aka yi girbi zagaye na biyu bai zo ba. Da na koma gida Baffa ya dube ni ya ce, "Malam ɗan boko, ka gano mini mai riƙewar?" Na ce na gano, Baffa, su ne suka biya.

A nan ne na tsaya na yi tunani, anya ban zalunci masu fassarar nan ba? Watakila ba da saninsu ba sun faɗi gaskiya. Ƙungiyoyinmu da yawa, har da waɗansu na ɗalibai da muke ciki, laima ce sosai da sosai. Shugaba yana ciki yana shan sanyi, ma'aji ya ɗan raɓa, mu kuwa muna biye hannuwa a sama muna juya masa ita, muna ba da kuɗin wata, muna tafi. In irin wannan ƙungiya ake nufi, to na janye ƙarata, a ci gaba da cewa laima, domin ba kalmar da ta fi ta dacewa. Amma in ana nufin wurin da babba da yaro za su zauna kowa ya miƙe ƙafa, to a kira shi da sunansa, sa'an nan a yarda mu auna shi da ma'aunin da sunan ya zo da shi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ga 'yan'uwana ɗalibai, mu fara da gida. Sanarwar da za ta fita da sunan wannan ƙungiya tamu ta Hausa a daina sa ta ƙarƙashin laima, abin kunya ne a ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ga malamanmu masu koyar da fassara, Allah ya ƙara muku sani, a riƙa sa jan biro a kan irin wannan jimla kamar yadda ake sa wa wanda ya manta ƙugiyar ƙ da ɗ, domin ƙugiya harafi take ɓatawa, wannan kuwa tunani take ɓatawa. Ga waɗanda za su fita su kama aiki a gidajen rediyo da jaridu, kafin ka saki jimla ka tambayi kanka, in na faɗa wa kakata wannan, za ta gane ko za ta ce in sake?

Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki, shafukan fitowa ta gaba suna jiransa. Sai dai ina ba shi shawara, kafin ya ɗauki alƙalami ya shirya amsar tambayar Baffana, domin ita zan fara yi masa: wa zai shiga ciki, wa kuma zai riƙe?

Allah ya sa mu gane. Wassalam.